Lambar Ƙafar Auta

Yayana mai sayar da takalma ne, kuma tun da ya fara sana'ar bai taɓa auna ƙafar ɗan Adam ba. Wani zai ɓoye wannan, shi kuwa da shi yake taƙama. Kana sa kai cikin shagonsa, kafin ka gama sallama ya riga ya saukar da ido ƙasa ya ɗago, ya faɗi lambarka da ƙarfi yadda na waje ma za su ji. In ka ce haka ne, sai ya gyara zama ya ce, “Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.” Ya yi ta maimaita wannan karin magana har 'yan layinsu suka gaji suka laƙaba masa Ido Mudu. Su tsokana suka yi, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu kamar an naɗa shi sarauta.

Ni ce ƙanwarsa. Tela ce ni, tef ɗin awo ba ya barin wuyana, kuma a wurin Yaya wannan alama ce ta ƙarancin basira. Duk ranar da ya biyo ta shagona sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Har yanzu da igiya kike aiki? Allah ya ba ki ido.” Ni kuma in ce amin, don ban da lokacinsa.

Da buhu a kafaɗa ya fara, yana saurayi, yana bin ofisoshi da silifas da sandal. Daga nan ya samu tebur a gefen titi, daga tebur ya kama shago mai ƙofa ɗaya kusa da tashar mota. Shagon siriri ne, kwalaye tun daga ƙasa har rufi, da benci ɗaya, da guntun madubi a jingine wanda ba ya nuna komai sai daga gwiwa zuwa ƙasa. Warin roba da gam ne ke tarbarka. A waje ƙafar hagu kawai yake jerawa, wai don ɓarawo ya sha wahalar banza. Wani kamfani ya taɓa ba shi kyautar allon awon ƙafa, mai ɗan katako da ake turawa ya tsaya a kan yatsa. Yaya ya yi godiya sosai, ya tokare ƙofa da shi.

Ba zan tauye masa haƙƙi ba, yawanci yakan dace. In kuma bai dace ba, yana da magani. Takalmi ya matse ka, zai saki. Ya yi maka yawa, ka sa safa. Ɗaya ya matse ɗaya ya yi yawa, to ƙafarka ce ke da matsala, kuma ba shi ya halicce ta ba. Ban taɓa jin ranar da laifi ya faɗa kan takalmi ba, balle kan mai shi.

Ko matarsa da lambar takalmi ya same ta. Ta shigo rako ƙawarta, ya dube ta ya faɗi lambarta, aka yi rashin sa'a ya dace. Tun daga ranar baiwar Allah ba ta sake cin gardama a kansa ba.

A gidansa doka ɗaya ce ba a takawa: ɗan Ido Mudu ba ya sa takalmin wani shago, kuma ba ya fita da silifas kamar maraya. 'Ya'yansa su ne tallarsa. Duk farkon shekarar karatu zai dubi ƙafar kowane yaro sau ɗaya, ya tafi shago, ya dawo da kwali. Galibi kwantai ne, amma kwantai mai kyau, sau-ciki mai sheƙi. 'Ya'yansa maza uku Allah ya cece su da rashin ji. Kafin wata biyu sun farke takalmin a filin ƙwallo, yatsu sun leƙo waje suna shan iska, uban yana zagi, ƙafa tana girma abinta.

Auta ce ta zo daban. Ta zo a makare, bayan kowa ya cire rai, mace ɗaya tilo, kuma ba ta da abin so a duniya kamar ubanta. In ya kawo mata takalmi sai ta goge shi da tsumma kafin ta tafi makaranta, ta goge shi in ta dawo, ta mayar da shi kwalinsa har da takardar ciki. Takalminta ba ya mutuwa. Yaya yakan ɗaga shi ya nuna wa yayyenta ya ce, “Ku ga 'yar halak. Shekara guda, kamar jiya aka ɓare shi.” Ita kuma ta yi ta murmushi tana kallon ƙasa.

Tana wajen shekara tara abubuwa suka fara canzawa. Yarinyar da ba a raba ta da tsallen igiya ta koma mai riƙe wa wasu igiya. Tafiyarta ta karkace, tana taka gefen ƙafar dama kamar mai tsoron ƙasa. Da yamma ta ce gwiwa na mata ciwo. Uwarta ta yi ta shafa man zafi a gwiwa, tunda gwiwar aka ce. A gida kullum da safa take yawo, uwar ta ɗauka tsabta ce. Malamin wasanni ya aiko cewa ta daina shiga gudu, kullum tana zaune a inuwa. Da maganar ta kai kunnen Yaya sai ya yanke hukunci nan take, ba tare da ya tashi daga kujera ba. Ciwon gwiwa girma ne. Karkacewar tafiya kuwa yanga ce, ta gado Goggonta. Ni ke nan.

A shagona asiri ya tonu, ranar da aka turo ta in auna mata sabon siket na makaranta. Na durƙusa da tef, na ce ta tsaya sosai. Ta tsaya. Na auna dama, na auna hagu, awo ya ƙi haɗuwa. Na sake, ya sake ƙi.

“Auta, miƙe mana. Kin jingina a ƙafa ɗaya kamar zakara.”

“Na miƙe, Goggo.”

“Cire takalmin nan in gani.”

“Goggo, a bar shi. Haka ma ya yi.”

Yaron da ya ce a bar abu, to abin ne ba za a bari ba. Na zaunar da ita a kujerar keken ɗinki, na kwance igiyar takalmin. Sai da na yi da gaske ya fito. Safar kuma ta ƙi fita, ta manne a babban yatsa, ta bushe ta yi tauri. Na ɗumama ruwa na jiƙa ta, na ja a hankali, yarinyar nan ta cije leɓe har ta fita.

Farcen babban yatsa ya nutse cikin nama. Gefen ya kumbura ya yi ja, yana fitar da mugunya. Sauran yatsun sun lanƙwashe sun hau juna, bayan kowanne fata ta yi kanta. A diddige akwai tabon bororo, tsoho a ƙarƙashin sabo. Ƙafar hagu ma ba lafiya ce da ita ba, ta dai fi 'yar'uwarta dama-dama. Na ji tausayi ya kama ni, bayansa kuma wani baƙin ciki ya taso mini.

“Tun yaushe?”

“Ya ɗan jima.”

“Me ya hana ki faɗa wa Mamanki?”

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. “Ai zai saki, Goggo.”

Ban bi ta kan Yaya ba. Uwarta na kira, ta zo da gudu ko mayafi bai zauna daidai ba. Da ta ga yatsan sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, tana cewa ita wace irin uwa ce, wata da watanni tana shafa wa gwiwa magani. Muka kai ta ƙaramin asibitin unguwa. Nas ta wanke wurin, ta ba da magani, ta ce wannan ya wuce nan, sai mu je babban asibiti mu ga likitan ƙafa.

Da Yaya ya ji haka sai da ya yi dariya har da buga cinya.

“Likitan me? Yanzu har ƙafa ta samu likitanta ita kaɗai? Gobe kuma sai na gwiwar hannu. Farce ne fa. A yanke a zuba gishiri.”

Na ce, “Yaya, takalmin ne ya yi mata kaɗan.”

Dariyar ta tsaya. Da na ce masa shagonsa ya kama da wuta, da ya fi sauƙin ɗauka.

“Takalmin wa? Ni na zaɓa. Ke da sai kin naɗe mutum da igiya kafin ki san faɗinsa, ke za ki koya mini ƙafa? Ƙafar 'yata?”

Matarsa, wadda ta shekara ashirin da wani abu tana cewa to, ta ce a hankali, “Baban Auta, gobe zan kai ta. Ko ka zo ko kada ka zo.”

Ya dube ta kamar bencin shagonsa ne ya yi magana. Sannan ya ce zai zo, ba don komai ba sai don ya ga wannan likita, ya ji a ina ta koyi ƙafa, kuma ya ɗan ƙara mata sani. Ya kuma sa aka mayar wa Auta takalmin nan, wai 'yarsa ba za ta shiga taro da silifas ba. Uwar ta take bayan na dama ta sa mata kamar silifas ɗin, ya yi kamar bai gani ba.

Ɗakin jira ya cika da yara. Ga jariri a cinyar uwarsa, ƙafafunsa biyu a cikin filasta har cinya. Ga wata 'yar yarinya da ke tafiya a kan yatsu, diddigenta ba ya taɓa ƙasa. Ga wani da gwiwoyinsa ke gogar juna. Iyaye sun yi jugum, kowa da abin da ya dame shi. Yaya kuwa abin nema ya samu. Ya zauna yana bin ƙafafun jama'a da ido, yana raɗa mini lambobinsu ɗaya bayan ɗaya, har da ta mai shara. Da ya zo kan jaririn nan mai filasta ne kawai ya yi shiru.

Likitar ba ta kai ni shekaru ba, 'yar siririya da tabarau. Yaya ya gaishe ta, ya saukar da ido, ya faɗa mata lambarta. Ta ce haka ne. Ya juyo ya dube ni da matarsa, wato mun gani.

“Sana'ata ce, Likita. Tun ba a haife ki ba.”

“Madalla. Ashe yau aikina zai yi sauƙi,” in ji ta.

Ba ta fara da yatsan ba. Ta sa Auta ta cire komai, ta yi tafiya ba takalmi zuwa ƙofa ta dawo, ta sake. Ta tsuguna tana kallonta ta baya. Ta taɓa gwiwa, ta juya idon sawu, ta lanƙwasa yatsun ɗaya-ɗaya tana tambayar inda ke ciwo. Sannan ta ɗauki takalmin ta kifa shi. Gefen waje na dama ya cinye, na ciki kuwa kamar ba a taɓa taka shi ba. Ta zura hannu ciki ta shafa, ta miƙa wa Yaya.

“Malam, taɓa nan gaba.”

Ya zura hannu. Yatsun yarinyar sun haƙa wa kansu ramuka a cikin fatar takalmin.

“Alamar takalmi mai kyau ke nan,” in ji Yaya. “Ya ɗauki siffar ƙafa.”

Likita ta jawo allon awo daga ƙarƙashin gado, ta ce Auta ta hau ta tsaya, ta saki nauyinta duka. Auta ta hau. Kafin a turo ɗan katakon sai ta ɗago ta saci kallon ubanta, kuma muna gani, mu duka huɗu, ta tattare yatsunta ta dunƙule su ciki, har da mai ciwon.

“Saki yatsunki, 'yan mata.”

Ta ƙi.

“Ba zai yi zafi ba. Saki kawai.”

Muryarta can ƙasa ta ce, “In na saki, lambar Baba ba za ta yi daidai ba.”

Uwarta ta juya ta fuskanci bango. Ni na kalli Yaya, ina jiran maganin da zai kawo, don ban taɓa ganin ya rasa ba.

Likita ta dafa yatsun da tafin hannunta tana lallashi har suka kwanta iya kwanciyar da za su iya. Ta auna dama, ta auna hagu. Ƙafar ta fi takalmin da lamba biyu cur.

“Malam, in tambaye ka. In za ka kawo mata sabo, yaya kake yi?”

“In dubi ƙafarta,” ya ce, muryar ba irin ta shago ba. “In ƙara lamba ɗaya.”

“Ƙafar tana cikin takalmi, ko tana waje?”

Amsar a fili take. Wa ke shiga shagon takalmi ba takalmi? Duk shekarun nan ba ƙafa Yaya ke karantawa ba, takalmin da ke ƙafar yake karantawa. Ga babban mutum hakan na yi, tunda ƙafarsa ta gama girma, kuma shi ya zaɓi abin da ya sa da kansa. Ita kuwa Auta, abin da ke ƙafarta shi ya zaɓa bara, bisa wanda ya zaɓa bara waccan. Yarinya ta yi tsawo fiye da lissafinsa a wata shekara, shi kuma ya ci gaba da duba aikinsa yana ba kansa maki.

Likita ta yi mana bayani ba tare da ta ɗaga murya ba, abin da ni da ba zan iya ba. Farcen abu ne mai sauƙi, yau za ta kashe wurin da allura ta cire gefen da ya nutse, zai warke. Ciwon gwiwa daga karkacewar tafiya ne, tana gudun taka yatsan, in ƙafa ta samu sauƙi shi ma zai tafi. Ta ce a riƙa yanke farce a miƙe, kada a bi kwana. A riƙa auna ƙafa biyun tana tsaye, ba sau ɗaya a shekara ba, kuma a bar sarari a gaba kamar faɗin babban yatsan hannu.

Uwar ta ce, “Likita, yatsun fa? Za su miƙe?”

“Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, shi ne sa'armu. Zan koya mata motsa su, ku kuma ku bar ta ta yi yawo a gida ba safa ba takalmi. Yawancinsu ina sa rai.” Ta kama na kusa da babban yatsa na dama, ta ɗan ja shi, ya koma yadda yake. “Wannan ne ya fara ƙagewa. Za mu gwada, ku riƙa dawo da ita. Amma ba zan yi muku alkawari ba.”

“Gudu fa?” Yaya ne ya tambaya. Ashe ya ji saƙon malamin wasanni.

“Za ta yi gudu, in Allah ya so. Da kun ƙara shekara guda a haka, da amsar da zan ba ka daban ce.”

Da aka zo allura, Auta ta miƙa hannu, ba wa uwarta ba, ba ni ba. Yaya ya je ya riƙe. Allurar ta shiga, a nan ne ta yi ƙara, kukan da ta daɗe tana tarawa ya ɓalle gaba ɗaya. Ya tsaya yana riƙe da ita yana kallon abin da ake cirowa daga yatsan, bai kau da kai ba. Na so in ce masa wani abu mai zafi, na ma tanade shi tun a mota. Na duba fuskarsa na fasa.

Aka naɗe yatsan da bandeji ya yi ƙato. Likita ta zuba tsohon takalmin a leda ta ce kada ya sake komawa ƙafar nan, ko na hagun. Sai a lokacin muka lura ba wanda ya zo da wani. Mutum mai takalma har rufi, ga 'yarsa a kan gadon asibiti ba abin da za ta taka zuwa bakin titi. Na ce bari in leƙa waje ko zan samu silifas. Yaya ya ce in bari. Ya juya mata baya ya durƙusa, ta hau, ya miƙe da ita.

Haka muka ratsa ɗakin jira, muka bi dogon barandan asibitin, shi a gaba, ƙafafunta biyu na reto a gefensa, ɗaya da bandeji ɗaya tsirara. Bai kalli ƙafar kowa ba.

A bakin ƙofar fita wata tsohuwa na zaune a benci da jikanta. Ta bi mu da kallo, ta ga yarinya ta girmi goyo, ta ga ƙafa ba komai, ta kasa haƙuri.

“Bawan Allah, yarinya kamar wannan ba takalmi? Haba. Ko na roba ne ai ka daure ka saya mata. Ƙafar yaro ba abin wasa ba ce.”

Ni da matarsa muka dubi juna, muna jiran hadari. Auta ta ɗago kai daga kafaɗarsa da sauri, ido duk hawaye, ta ce, “Inna, ai Babana shi ne mai…”

“Yi shiru, Auta,” ya ce a hankali.

Ya gyara mata zama a bayansa, ya dubi tsohuwar.

“Gaskiyarki, Inna. Ba ta da takalmi.”